Uwar Baƙuwa, Mai Keken Hawa na Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan da ya wuce, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yaya Mai Keke, telar hawa na biyar a benenmu na gidajen rangwame. Ta cika a asibiti, hannunta cikin hannun 'yarta Baƙuwa, aka yi mata sutura bayan azahar. Ta bar 'ya ɗaya, jikoki biyu, keken ɗinki, da ni maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, wadda yanzu ba ta da abokiyar faɗa.

Yaya, da ke zan yi magana, don sauran jama'a sun ji muryata har sun gaji. Karatuna bai yi nisa ba, kin fi kowa sani, ke kike karanta mini sunan magani. Amma wannan rubutu ba na aike ba ne. Da hannuna zan yi shi, in ya karkace ya karkace.

Muna cikin rukunin farko da aka ba ɗakuna lokacin da hukumar gidaje ta gina benen nan don masu ƙaramin ƙarfi: direbobi, masu gadi, masu shara, malaman firamare. Mu biya kaɗan, hukuma ta cika sauran. Ranar da kuka tare kina da tsohon ciki, ko ƙullin tukwane ba a kwance ba naƙuda ta taso miki. Tsakanin katifa a naɗe da buhun kwanuka kika haihu, ni ina riƙe da kafaɗarki alhali ko sunanki ban sani ba. Da maigidanki Direba ya leƙo ya ga jaririya sai ya ce, "Ikon Allah, ko tabarma ba mu shimfiɗa ba har mun yi baƙuwa!" Shi ke nan suna ya bi ta. Sunanta na yanka sai a makaranta ake jin sa. Ita ce ta fara kuka a benen nan, duk cikinmu babu wanda ya kai ta zama ɗan gida, amma Baƙuwa muke ce mata har yau da furfura ta fara leƙo mata.

Ba zan iya kawo alherinki duka ba. Duk iyalin da suka tare a benen nan, kafin su san inda famfo yake kin ɗinka musu labule da ragowar yadi, kala uku ko huɗu a haɗe. Daga titi in mutum ya ɗaga kai sai ya ga tagoginmu kamar an baje kolin atamfa. Rigar makaranta ɗaya takan yi wa yara uku aiki a hannunki: ki sake ta, ki rage ta, ki juya wuyanta. Duk wanda ya rasu a benen nan ke kike ɗinka likkafaninsa, ba ki taɓa yarda an yi miki maganar ladan aiki ba. Naki kuwa Baƙuwa ce ta ɗinka, a kan kekenki, tana yi tana share ido da gefen mayafi, zare na tsinkewa tana sake zurawa.

Akwai kuma hukuncin da kika ƙirƙiro, wanda ko alƙali bai san da shi ba. Duk magidancin da ya sa matarsa kuka, in ya kawo wando gyara zai karɓe shi fes, a goge, a ninke. Sai ya je kasuwa ya kai hannu aljihu ya tarar an ɗinke bakin ruf. Ke ba kya cewa komai. Shi ma ba ya iya cewa komai, don in ya yi ƙorafi sai an tambayi dalili. Marigayi maigidana sau biyu yana shan wannan hukunci. A na biyun ya dawo gida da makulli a hannu ya rasa inda zai sa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Je ki gaya wa yayarki na tuba, ta buɗe mini." Allah ya jiƙansa shi ma. In kun haɗu kada ki tayar masa da maganar.

Haka muka zauna har gari ya taso ya same mu. Da can unguwar nan ƙarshen duniya ce, mai tasi sai an roƙe shi yake shigowa. Aka yi titi, aka sa fitilu, aka gina ofisoshi masu gilashi, sai ga ƙasar da ke ƙarƙashin tsummokaranmu ta yi daraja. Hukuma ta miƙa benen ga wani kamfani bisa sharaɗi: rabin ɗakuna a gyara a ba masu hali haya da tsada, rabi ya zauna a hannunmu a kan rangwame. Amma duk ɗakin da mai shi ya tashi, ko ya mutu ba tare da ɗansa na cikinsa yana zaune da shi ba, ɗakin ya koma na kamfani. Daga ranar nan kowane tsoho a benen nan ya zama abin jira.

Kamfanin ya turo mana manaja, mai farin takalmi da ƙamshin turare, muryarsa kamar ta mai lallashin jariri. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In zai raba ka da ɗakinka sai ya fara da tambayar lafiyar gwiwarka. Ni na raɗa masa suna Sannu-da-Haƙuri, don da wannan kalma yake raka kowa har bakin motar kaya. Dabararsa guda ce: "Ku ɗan koma gefen gari na ɗan lokaci a yi muku fenti." Mai Gadi ya tafi da iyalinsa a yi masa fenti. Mai Kitso ta tafi a yi mata fenti. Malamin firamare na hawa na biyu ma haka. Fentin ya bushe, aka canza makulli, aka sa wasu. Kina zaune a bakin keke kina rage wa masu tashin labulayen da kika ɗinka musu, kina tambaya, "Tagar can ɗin ta kai wannan faɗi kuwa?"

Titinmu ma ya sake fuska. Inda mai gyaran takalma yake ya zama shagon wanke karnuka. Inda injin niƙa yake ya zama gidan motsa jiki, bangonsa duk gilashi, kana wucewa kana ganin mutane suna gudu a wuri ɗaya ba sa zuwa ko'ina. Har da wata na'ura mai matakala, su biya kuɗi su yi ta hawan benen ƙarya suna zufa, mu ga na gaske nan kyauta yana cin gwiwoyinmu. Aka yi wa sababbin zuwa ƙofar gilashi ta gaba da lifta sabuwa. Mu aka bar mana ƙofar baya kusa da bola, aka ja bango a kowane hawa don kada mu gauraya.

Ni na tsane su duka, ban ɓoye ba. Ke kika ƙi taya ni. Kin tuna yarinyar nan ma'aikaciyar banki, wadda nake kira Mai Kare? Zif ɗin rigarta ya ɓalle da safe tana da taro, wani ya kwatanta mata ke, ta zagayo ta bola ta hawo tana haki. Kika gyara mata, kika ba ta shayi, kika ce in daina harararta, ita ma haya take biya, ba ita ta ja bangon ba. Na ce to, amma karen ban yi alkawari ba.

Wata rana manaja ya zo zagayen sake ƙirga mutanen kowane ɗaki. Ina ɗakinki a ranar, muna tsince wake. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, ke da wa kike zaune?" Kika ce, "Ni da Baƙuwa da 'ya'yanta." Ya ce, "Baƙuwa ko?" Kika ce, "Eh mana." Ya yi murmushi ya rubuta ya wuce. Mutumin nan ya san ta sarai. Ya san mijinta ya rasu ta dawo gabanki da yara biyu tun kafin a kawo shi. Sau nawa yana tsayar da ita a ƙasa yana cewa ta gaida mamanta? Amma kalma ta faɗo masa a hannu, ya ɗauka ya adana.

Sannan liftarmu ta baya ta mutu. Aka ce ana jiran kayan gyara. Damina ta zo ta wuce ana jiran kayan gyara. A lokacin zuciyarki ta fara ba ki wahala, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce ki riƙa zuwa ana duba ki. Hawa biyar, Yaya. In kin sauka da safe, dawowa sai kin zauna a kowane hawa kina numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Sannu-da-Haƙuri ya aiko cewa akwai ɗaki a ƙasa can gefen gari, ki koma na ɗan lokaci don lafiyarki. Kika ce mini, "In na sauka, ɗakin Baƙuwa ya tafi. Ina za ta kai yaran nan?" Sai kika daina sauka gaba ɗaya. Ranar asibiti ta zo ki ce kin ji sauƙi. Na yi faɗa, Baƙuwa ta yi kuka, kika ce mu ba ki wuri kina da ɗinki.

Ranar da jiki ya ƙi, a kan kujerar ɗinkinki aka sauko da ke, maza huɗu suna riƙe da ƙafafunta. A hawa na uku kika buɗe ido kika dube su kika ce, "Rabon da maza huɗu su yi rububina tun ina budurwa." Suka yi dariya suna hawaye. Da muka zagayo gaba wajen mota, ta cikin gilashi na hango liftar gaba tana hawa da tukunyar fulawa, ma'aikaci ɗaya na riƙe da ita kada ta girgiza. Na san kwana ne ya ƙare. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma shi ma sanadi ana tambayarsa ranar gobe, kuma ina roƙon Allah ya sa ina kusa in ji amsar.

Muna zaman makoki sai ga manaja. Ranar ce ya fara taka matakalarmu har sama, ya iso yana huci, farin takalmi ya yi ƙura. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, bakinsa na addu'a idonsa na auna bango, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kicin. Da zai tafi ya kira Baƙuwa waje, na bi su da buta a hannu kamar mai neman ruwa.

"Sannu da haƙuri," ya ce. "Sai dai kin san doka. Marigayiya da bakinta ta ce ke baƙuwa ce, baƙo kuwa ba ya gadon ɗaki. Zuwa ƙarshen wata sai ki duba wani wurin."

Baƙuwa ta ce, "Manaja, sunana ne fa. Ka sani."

"Ni abin da aka gaya mini na rubuta. Kina da takardar haihuwa?"

Ya san babu. Rufin da ya ƙi gyarawa ne ya zubo wa akwatinki ruwa bara, takardu suka zama dame. Na ce, "Ɗana, ni ce takardar. A hannuna ta faɗo." Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Mama," ya sauka abinsa. Butar nan Allah ne kaɗai ya riƙe ta a hannuna.

Ki ji wadda ta kawo mana mafita: Mai Kare. Ta zo gaisuwa ta ƙofar bola, ta cire takalmi tun daga matakala, ta zauna a ƙasa cikinmu. Da ta ji abin da ake ciki ta ce akwai ranar da shugabar hukumar gidaje take zama da kanta tana jin koken masu haya, kuma dole manaja ya halarta. Ta ce za ta kai mu a motarta. Kin ga, kin yi gaskiya a kanta. Ba na son faɗa, amma na faɗa.

Mutanenmu da aka watsar duk sun zo makokinki, wasu mota biyu suka hau kafin su iso. Na ce musu su dawo ranar zaman hukuma, kowa ya sa kayan da kika ɗinka masa. Suka dawo kuwa. Mai Gadi ya zo da rigar da ta daina rufe masa ciki tun tuni, ya ce ko numfashi zai daina sai ya sa ta. Muka cika ɗakin taron har bakin ƙofa.

A hanya Mai Kare tana ta koya wa Baƙuwa abin da za ta faɗa. Ni kuwa na san mutumina. In aka bar shi ya fara magana zai lulluɓe kowa da ladabi har mu mu ba shi haƙuri. Amma na san wani abu guda: mutumin nan gara ya yi asarar komai da a gan shi ba shi da ladabi a gaban manya. Sai na zaunar da Baƙuwa a kujerar bakin ƙofa, daidai inda shugaba za ta gan ta, na ce ta sunkuyar da kai, kada ta ce uffan.

Shugabar dattijuwa ce mai tabarau, ta riga shi zama. Ya shigo da jakarsa, ya rusuna mata, zai wuce kujerarsa. Na ɗaga murya yadda na baya ma zai ji na ce, "Manaja, ashe haka ake yi? Ka wuce marainiya ko gaisuwa babu, a gaban manya?"

Ya tsaya cak. Ya dubi shugaba, ya ga tana kallonsa ta saman tabarau. Bakin nan da ya saba ya riga hankalinsa. Ya dawo ya ɗan duƙa, ya sa hannu a ƙirji ya ce, "Baƙuwa, sannu da haƙuri. Rashin uwa ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, mutuniyar kirki ce."

Shugaba ta ce, "Mahaifiyar wa?"

Ta ɗaga takardar da ya aiko mata ta ce, "A nan ka ce marigayiya ba ta da ɗa a ɗakin, wata baƙuwa ce kawai." Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, ai gaskiya ya faɗa, baƙuwa ce. Ta cikin uwarta ta biyo ta zo mana ziyara, ta ɗan kwana shekara arba'in." Yaya, da kin ji dariyar da aka yi! Mai Gadi ya yi dariya har maɓallin rigar da kika ɗinka masa ya yi tsalle ya faɗa gaban teburin shugaba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambayi jama'a wa ya san haihuwar matar nan a benen, hannuwa suka tashi kamar a aji. Ta dubi manaja ta daɗe tana dubansa. Farin takalmin nan ya rasa inda zai sa shi.

To ga labarin da na zo ba ki: ɗaki ya zama na Baƙuwa. An sa sunanta na yanka, an buga hatimi, jikokinki suna kwana inda uwarsu ta fara kuka. Abin da kika ƙi sauka dominsa bai tafi ba. Kekenki yana nan a bakin taga, ta fara karɓar gyara, sai dai hannunta bai kai naki ba, kuma na gaya mata.

An kuma ba da umarni a gyara lifta. Kafin sati ya zagayo ta tashi. Ashe kayan da ake jira suna nan a sito tun tuni, cikin kwalinsu. Ranar da na fara shiga ta kai ni hawa na biyar kafin in gama bisimilla, na tsaya a ciki na kasa fita. Wannan ɗan abin ne aka hana ki. Na fi jin zafin gyaran a kan lalacewar.

Manaja kuwa ba a kore shi ba, kada ki sa rai. Irinsu ba a korarsu. An ce an ƙara masa girma, an mayar da shi ya kula da manyan gidajen rangwame na gefen gari. Da na ji sai na yi dariya har Baƙuwa ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya manta inda ya zubar da mutanenmu! Mai Kitso tana can, Mai Gadi yana can, malamin firamare yana can, kuma shi ne shugaban masu haya. Na kira Mai Kitso a waya, muka yi magana har kunnena ya yi zafi. Kin san kan mace ba ya fita daga hannunta sai da labari, kuma duk matan gidajen nan a gabanta suke zama. Babu wanda zai taɓa shi, mu ba 'yan daba ba ne. Amma babu tsohon da zai amsa masa tambaya shi kaɗai ba shaidu, babu wanda zai fita daga ɗakinsa don fenti, kuma sunansa ya riga shi isa. Mai Kitso ta ce yara har sun sa shi a waƙar tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baƙuwa da 'ya'yanta biyu, da ƙannen marigayiya da suka zo daga nesa, da duk wanda ya taɓa kwana a bayan labulenta, na nan da waɗanda aka watsar, har da sababbin maƙwabtan da suka zagayo ta ƙofar baya suka zauna da mu. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ya Allah ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta suturta bayinka rayayyu da matattu, ka suturta ta da rahamarka. Ka ba ta gida a Aljanna wanda babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta tashi. Ka raya zuriyarta, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Baƙuwa ta gaya mini cewa a asibiti, kafin ki cika, kin ce kin yafe wa kowa. Ta tambaye ki har da manaja, kika ce har da shi. Halinki ne, Allah ya ba ki ladansa. Amma naki kason kika yafe, Yaya, ni ba ki tambaye ni ba. Ki kwanta ki huta. Nawa yana hannuna.